Darasi na Tara: Masu Binciken Magani a Tsofaffin Fina-finai

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. faɗin sunayen masu bincike uku da aka yi fim a kan aikinsu, da cututtukan da suka yaƙa;
2. bayyana yadda ake gwada magani har a tabbatar yana aiki;
3. rarrabe abin da ya faru a tarihi da abin da mai shirya fim ya ƙara ko ya rage.

Gabatarwa

A shekarun 1930 da 1940 kamfanonin fim na Hollywood da ke Amurka sun fitar da jerin fina-finai a kan mutanen da suka gano musabbabin cututtuka da magungunansu. Fina-finai ne na baƙi da fari. Jarumin yakan wuni a ɗakin gwaje-gwaje, ido a kan madubin ganin ƙwayoyin cuta, ga kwalabe jere, ga kejin zomaye a gefe. Duk da haka jama'a suka yi ta tururuwa zuwa gidajen silima.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masu kallo na wancan zamani sun san zafin waɗannan cututtuka a cikin gidajensu, domin da yawansu sun binne ɗa ko ƙani saboda mashaƙo ko tarin fuka, kuma maganin fenisilin bai shigo kasuwa ba tukuna. Sannan wani littafi mai suna *Microbe Hunters*, wanda Paul de Kruif ya wallafa a 1926 a kan mafarautan ƙwayoyin cuta, ya riga ya sa mutane sha'awar labarinsu.

Mu da muke kai 'ya'yanmu rigakafi, muke sayen magani a kemis, ya kamata mu san hanyar da aka bi kafin waɗannan abubuwa su iso hannunmu. Fina-finai uku za mu duba, kuma a kowanne za mu sa ido a kan abu ɗaya, wato gwajin da aka yi.

Pasteur da tumakin gwaji

Kamfanin Warner Bros. ya fitar da *The Story of Louis Pasteur* a 1936. William Dieterle ne ya ba da umarni, Paul Muni ya fito a matsayin Pasteur. Fim ɗin ya ci lambobin yabo na Oscar guda uku, har da ta gwarzon ɗan wasa, wadda Muni ya karɓa.

An haifi Louis Pasteur a garin Dole na Faransa a 1822, ya rasu a 1895. Masanin sinadarai ne, bai yi karatun likita ba, kuma a kan wannan fim ɗin ya gina rigimarsa: manyan likitocin Paris suna ganin wane shi da zai koya musu aikinsu. Labarin ya fara ne da wani magidanci da ya harbe likita saboda matarsa ta mutu da zazzaɓin bayan haihuwa. Likitocin suka ɗora laifin a kan Pasteur, domin shi ne ya rubuta takarda yana cewa likitoci su wanke hannu, su tafasa kayan aikinsu, saboda su ne ke ɗaukar ƙwayar cuta daga wannan majiyyaci zuwa wancan.

Wurin da ya fi tsayawa a zuciyar mai kallo shi ne gwajin tumaki, kuma gwajin ya faru da gaske. A wancan lokaci ciwon saifa, wanda likitocin dabbobi ke kira antiraks, yana ƙarar da garkunan makiyayan Faransa. Pasteur ya ce ya samo rigakafinsa. Wani likitan dabbobi mai suna Hippolyte Rossignol, wanda bai gamsu da maganar ba, ya nemi a gwada a bainar jama'a, ya kuma ba da gonarsa da ke Pouilly-le-Fort, kusa da garin Melun.

Aka raba ƙananan dabbobi hamsin gida biyu. Kowane rukuni yana da tumaki 24 da akuya ɗaya, aka haɗa da 'yan shanu. Ranar 5 ga Mayu, 1881 aka yi wa rukunin farko allurar rigakafi, aka maimaita ranar 17 ga wata. Rukuni na biyu ba a yi musu komai ba. Ranar 31 ga Mayu aka yi wa dukkan dabbobin allurar ƙwayar cutar mai cikakken ƙarfi. Bayan kwana biyu, ranar 2 ga Yuni, wajen mutum 200 suka hallara a gonar: manoma, likitocin dabbobi, 'yan siyasa da 'yan jarida. Suka tarar tumakin da aka yi wa rigakafi suna tsaye suna cin abincinsu. Na ɗaya rukunin kuwa mafi yawansu sun riga sun mutu, ragowar suka faɗi a gaban idon jama'a kafin dare. Gani ya kori ji.

Ku lura da rukunin da ba a yi wa rigakafi ba, domin su ne ginshiƙin gwajin. Da a ce duka dabbobin aka yi wa rigakafi suka rayu, da mai gardama ya ce ai ƙwayar cutar ce ba ta da ƙarfi, ko kuwa tumakin gonar ne masu jure ciwo. Amma tun da tumaki iri ɗaya ne, gona ɗaya, ƙwayar cuta ɗaya, rana ɗaya, bambancin da ya rage tsakaninsu shi ne allurar rigakafin kawai. Har yau a kan wannan tsari ake gwada magunguna a duniya. Saboda haka duk wanda ya ce muku yana da maganin wata cuta, tambayoyi biyu za ku yi masa: mutum nawa aka ba suka warke, kuma yaya aka ƙare da waɗanda ba a ba ba?

Yaron da kare ya ciza

Kashi na biyu na fim ɗin ya koma kan cutar haukan kare. Ƙwayar wannan cuta ta yi ƙanƙanta ƙwarai, madubin wancan zamani ba ya iya nuna ta. Sai Pasteur da mataimakinsa Dokta Emile Roux suka riƙa rainonta a jikin zomaye. Idan zomo ya mutu da cutar sai su cire lakar bayansa su rataye a cikin kwalba ta bushe. Suka lura cewa yawan kwanakin da lakar ta yi tana bushewa, yawan raguwar ƙarfin cutar da ke cikinta. Suka gwada a kan karnuka, aka dace.

Ranar 6 ga Yuli, 1885 wata uwa daga yankin Alsace ta iso Paris da ɗanta Joseph Meister mai shekara tara, wanda mahaukacin kare ya yi wa munanan cizo. Da yake Pasteur ba shi da izinin yi wa mutum allura, Dokta Joseph Grancher ne ya yi. An fara da lakar da ta yi kimanin mako biyu tana bushewa, kowace rana kuma a ƙara mai ƙarfi, har allura 13 cikin kwana 11. Yaron bai kamu ba. Ya girma, daga baya ma ya zama mai gadin Cibiyar Pasteur da aka buɗe a Paris a 1888. Darasin da ya shafe mu kai tsaye shi ne cutar tana ɗaukar makonni kafin ta kai ƙwaƙwalwa, kuma a cikin wannan tazarar rigakafi yake aiki. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu sosai, ya garzaya asibiti a ranar, kada ya jira alamu su bayyana.

Inda fim ya kauce wa tarihi

Mai shirya fim yana da ƙasa da sa'a biyu, yana kuma son labari mai jarumi da abokin gaba. Don haka aka ƙirƙiro Dokta Charbonnet, babban mai adawa da Pasteur a fim ɗin, wanda babu shi a tarihi. Aka ɗauke gwajin tumaki daga Pouilly-le-Fort aka kai shi Arbois. Aka nuna Sarki Napoleon na Uku ya taka wa Pasteur birki, alhali a gaskiya sarkin ya goya masa baya a bincikensa. Maganar wanke hannu kuwa, wani likita ɗan ƙasar Hungari mai suna Ignaz Semmelweis ya riga shi. Tun a 1847, a asibitin haihuwa na Vienna, ya sa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwar masu jego ta ragu ƙwarai.

Akwai kuma abin da masu fim ɗin ba za su iya sani ba. A 1995 masanin tarihi Gerald Geison ya wallafa nazarin littattafan da Pasteur ke rubuta bayanan gwajinsa a ciki. Ya nuna cewa rigakafin da aka yi wa tumakin an haɗa shi ne da wani sinadari, bisa hanya mai kama da ta wani likitan dabbobi, Jean-Joseph Toussaint, ba bisa hanyar da Pasteur ya bari jama'a suka zata ba. Wannan bai sauya sakamakon gwajin ba, amma ya nuna cewa babban malami ma yakan ɓoye hannun da ya taimake shi.

Ehrlich da lamba 606

A 1940 Dieterle ya sake fitowa da *Dr. Ehrlich's Magic Bullet*, inda Edward G. Robinson, wanda aka saba gani a fina-finan 'yan daba, ya fito a matsayin likitan Jamus Paul Ehrlich. An haifi Ehrlich a 1854, ya rasu a 1915, ya kuma sami lambar yabo ta Nobel a 1908.

Tun yana ɗalibi galura ce ta ɗauke masa hankali. Duk marini ya san zaren auduga da na roba ba sa kama rini iri ɗaya. Haka Ehrlich ya lura cewa wata galurar takan kama wani sashe na tsoka ko wata ƙwayar cuta, ta bar sauran. Da Robert Koch ya sanar da gano ƙwayar tarin fuka a 1882, Ehrlich ya inganta hanyar rina ta yadda likita zai iya ganinta a cikin majinar majiyyaci. Shi kansa ya kamu da tarin, har ya tafi Masar jinya. Daga nan tunani ya zo masa: idan akwai sinadarin da ke zaɓar ƙwayar cuta ya manne mata, to za a iya samun wanda zai kashe ta ya bar jikin mutum lafiya. Wannan shi ne harsashin da sunan fim ɗin ke nufi, wanda ba ya samun kowa sai abin da aka auna.

Kafin ya kai ga haka ya yi aiki da Emil von Behring a kan maganin mashaƙo, wanda ake samu daga ruwan jinin dokin da aka yi wa allurar dafin cutar. Gudummawar Ehrlich ita ce hanyar auna ƙarfin maganin, domin kowace kwalba ta zama daidai da 'yar uwarta. Irin wannan magani ne har yau ake ba masu mashaƙo, kamar lokacin da cutar ta ɓarke a Kano da wasu jihohin Arewa daga ƙarshen 2022 zuwa 2023. A fim ɗin an nuna asibitin yara inda aka tsara a ba rabin yaran magani a bar rabi domin a kwatanta, sai Ehrlich ya kasa jurewa, ya ba su duka. A nan fim ɗin ya taɓo tambaya mai nauyi: abin da ya halatta a kan tumaki, ya halatta a kan 'ya'yan mutane?

Ehrlich ya fara neman harsashinsa ne a kan ƙwayar da ke kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa a Afirka. Da aka gano ƙwayar tunjere a 1905, sai ya juya akalar binciken. Masanin sinadarai Alfred Bertheim yana haɗa ɗaruruwan magunguna masu ɗauke da gubar asenik, ana ba kowanne lamba. A 1909 wani likita ɗan Japan, Sahachiro Hata, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan zomaye masu tunjere, ya gano mai lamba 606 yana warkar da su. A 1910 aka fitar da shi da sunan Salvarsan, kuma shi ne babban maganin tunjere har zuwan fenisilin a shekarun 1940.

Fitar da fim ɗin kansa ya buƙaci ƙarfin hali ta fuska biyu. Hukumar tace fina-finai ta Amurka ba ta son a ambaci cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, amma masu fim ɗin suka dage. Akwai wurin da ake cin abinci a gidan attajira Franziska Speyer, aka tambayi Ehrlich a kan me yake aiki, ya faɗi sunan cutar ƙarara, wurin ya yi tsit. Matar ta saurari bayaninsa har ƙarshe, ta ba da kuɗin ci gaba da binciken. Cutar da ake kunyar faɗin sunanta ba ta samun magani da wuri. Ta ɗaya fuskar kuma, Ehrlich Bayahude ne, kuma a lokacin gwamnatin Hitler tana goge sunansa daga tituna a Jamus. Fim ɗin ya tuna wa duniya da shi.

Shawara, daga Kyuba zuwa Legas

*Yellow Jack*, wanda kamfanin MGM ya fitar a 1938, ya ba da labarin tawagar Manjo Walter Reed ta sojan Amurka a Kyuba a 1900, lokacin da cutar shawara ke kashe sojoji. Yawancin likitoci sun ɗauka tufafi da shimfiɗar majiyyaci ne ke yaɗa ta. Wani likita ɗan Kyuba, Carlos Finlay, ya faɗa tun 1881 cewa sauro ne, amma ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba.

Tawagar ta gina ƙananan ɗakuna biyu. A na farko masu sa kai suka kwana ashirin a cikin ƙazantattun zannuwa da tufafin waɗanda shawara ta kashe, an toshe duk kafar da sauro zai shiga, kuma babu wanda ya kamu. Ɗaki na biyu tsaf yake, amma an raba shi biyu da ragar waya. A gefe ɗaya aka saki sauron da ya ciji masu shawara, wanda ya shiga nan ya kamu, waɗanda suka kwana a ɗaya gefen kuwa lafiya ƙalau. Ɗan tawagar, Dokta Jesse Lazear, ya riga ya rasu da cutar a Satumban 1900 bayan sauro ya cije shi. Reed ya sa masu sa kai suka sa hannu a takardar yarda da aka rubuta da Turanci da Sifaniyanci, wadda ta bayyana musu haɗarin. Da aka yaƙi sauro a Havana a 1901, cutar ta ɓace daga birnin.

Ragowar labarin, wanda fim ɗin bai kai gare shi ba, a Afirka ta Yamma ya faru. Gidauniyar Rockefeller ta kafa ɗakin binciken shawara a Yaba da ke Legas. A 1927 aka ɗebi jinin wani mutumin Ghana mai suna Asibi, wanda ya kamu da cutar ya warke, aka samo ƙwayar daga ciki. Dokta Adrian Stokes ya rasu da shawara a Legas a wannan shekara, Hideyo Noguchi ɗan Japan ya rasu a Akra a 1928. Daga ƙwayar jinin Asibi ne Max Theiler ya samar da rigakafin shawara a 1937, ya sami Nobel a 1951. Shi ne rigakafin da ake yi wa yaranmu, kuma shaidarsa ce katin nan mai ruwan ɗorawa da ake neman matafiyi ya nuna a kan iyaka.

Waɗanda kyamara ba ta cika haskawa ba

Tsofaffin fina-finan nan sun fi son mutum ɗaya a tsakiya, kowa yana gefe. Amma kun ga Roux da Hata da Bertheim da Finlay da Asibi, da uwar da ta yarda a gwada sabon magani a kan ɗanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Fina-finan da suka biyo baya sun yi ƙoƙarin gyara wannan. *Something the Lord Made* na 2004 ya ba da labarin Vivien Thomas, baƙar fatar Amurka, kafinta da rashin kuɗi ya hana shi karatun likita. Shi ne ya ƙware a kan tiyatar zuciyar jarirai a ɗakin gwaji, kuma a Nuwamban 1944, a asibitin Johns Hopkins, ya tsaya a bayan Dokta Alfred Blalock yana nuna masa yadda zai yi tiyatar. Rahoton da aka wallafa bai ambaci sunansa ba, sai a 1976 jami'ar Johns Hopkins ta ba shi digirin girmamawa. A Nijeriya kuma an yi *93 Days* a 2016, a kan Dokta Ameyo Stella Adadevoh da abokan aikinta, waɗanda suka hana mai ɗauke da Ebola fita daga asibiti a Legas a 2014. Ita kanta ta rasu da cutar.

Taƙaitawa

Fina-finan nan sun cancanci a kalle su, domin sun nuna yadda ake samo magani: a lura, a yi zato, a gwada a kan rukuni biyu, a rubuta sakamako, a bar wasu su maimaita. Sun kuma nuna cewa gwaji a kan mutum yana buƙatar saninsa da yardarsa. Sai dai fim yakan ƙirƙiri abokin gaba, ya sauya wuri, ya tattara aikin mutum goma ya ba mutum ɗaya. Mai kallo ya auna fim da irin ma'aunin da zai auna magani, wato ya nemi hujja.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka bar rukuni ɗaya na tumaki ba a yi musu rigakafi ba?
2. Me ya sa ba Pasteur ne ya yi wa Joseph Meister allura da hannunsa ba?
3. Kawo abubuwa biyu da fim ɗin Pasteur ya sauya daga tarihi.
4. Wane aiki Sahachiro Hata ya yi a kan magani mai lamba 606?
5. Yaya ɗakuna biyu na tawagar Reed suka nuna cewa sauro ne ke yaɗa shawara?
6. Wace rawa Afirka ta Yamma ta taka wajen samar da rigakafin shawara?

Aikin aji

Ku kasu rukuni biyu ku tattauna abin da Ehrlich ya yi a asibitin yara. Rukuni ɗaya ya kare shi, ɗayan ya bayyana abin da ake rasawa idan babu waɗanda za a kwatanta da su. Kowane rukuni ya zaɓi mutum ɗaya ya faɗa wa aji matsayarsu.

Aikin gida

Ku duba katin rigakafin wani yaro a gidanku, ku rubuta sunayen alluran da ke ciki. Ku tambayi ma'aikacin lafiya na unguwarku wace ce ke kare yaro daga mashaƙo, wace ce ta shawara, kuma a wata nawa da haihuwa ake yin kowace. Ku zo da amsoshin a darasi na gaba.